A Tambayi Mutanen Unguwa Kafin A Zana Hanyar Ruwa

Sau biyu ake tunawa da mutanen unguwa a zancen ambaliya a Katsina. Na farko idan damina ta gabato, a shiga gidan rediyo a ce kowa ya fito da shebur da baro ya yashe lambatun ƙofar gidansa. Na biyu bayan ruwa ya gama ɓarna, mota ta zo da buhunan shinkafa da masara da bandir-bandir na kwano, a riƙa kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Amma akwai wani zama da ya fi waɗannan biyun nauyi, wanda a cikinsa ake yanke ta inda magudana za ta bi, da faɗin da za a yi mata, da kududdufin da za a cike, da filin da za a yanka a sayar, da unguwar da za a fara da ita a kasafin kuɗi. Wannan zaman ne ba a kiran kowa. Ni kuwa a ganina, muddin ba a ba mutanen unguwa wurin zama da ta cewa a nan ba, za mu ci gaba da zuba kuɗi a siminti, ruwa kuma ya ci gaba da shiga ɗakunan mutane.

Ya kamata mu fara da fahimtar irin ambaliyar da ke damunmu, don ba irin ta Lokoja ko Makurɗi ba ce. Can babban kogi ne ke cika a hankali, ana auna shi kullum, idan an saki ruwa daga madatsar Lagdo ta Kamaru ma akwai kwanaki kafin ya iso. Mu ba mu da wannan sararin. Ruwan da muke samu a shekara ba shi da yawa idan aka kwatanta da kudu, sai dai mafi yawansa yana zuba ne tsakanin Yuli da Satumba, wani lokaci kuma kaso mai tsoka daga ciki ya sauka a dare guda. Hadari zai haɗu da la'asar, a soma ruwa bayan isha'i kamar da bakin ƙwarya, kafin sa'a biyu lungu ya zama rafi. A cikin wannan sa'a biyun babu jami'in NEMA, hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, babu na SEMA, takwararta ta jiha, babu injiniya. Maƙwabci ne kawai.

Abin da ya faru a Jibiya a tsakiyar watan Yulin 2018 ke nan. Cikin dare ruwa ya sauka, ya shiga unguwannin Kwata da Ɗan Tudu da Tukare mutane na barci. Sama da mutum 40 suka rasu, ɗaruruwan gidaje suka rushe, dabbobi suka tafi, wasu gawawwakin ma sai a cikin Jamhuriyar Nijar aka tsinto su, don gulbin can ya nufa. Allah ya jiƙansu. Mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Yemi Osinbajo, ya zo jaje, an kai kayan agaji, daga baya aka yi aikin magudanai. Duk wannan ya kyautu. Amma waɗanda suka tsira a daren, maƙwabta ne suka buga musu ƙofa, samarin unguwa ne suka ciro su. Idan har su ne za su tsaya a gaban ruwa a sa'ar da ya fi haɗari, da wace hujja za a ce shirin tunkararsa ba huruminsu ba ne?

A birnin Katsina kuwa, tsofaffi sun san cewa garin yana da tsarin ruwansa tun kafin a san kwalbati. Ƙasar da aka gina ganuwa da gidaje da ita, haƙo ta aka yi, ramukan suka zama kududdufai. Kusan kowace unguwa ta cikin gari tana da nata. Idan aka yi ruwa, indararo ya zubar a lungu, lungu ya kai kududdufi, kududdufi ya riƙe har ƙasa ta shanye, abin da ya yi saura ya gangara rafin Ginzo ko na Tille ya fice bayan gari. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987, gari ya yi ta faɗaɗa, fili ya yi tsada, aka soma kallon kududdufi a matsayin fuloti da ke jiran mai saye. A zuba shara shekara da shekaru, a bi da 'yan tifofin ƙasa, a dasa harsashi. A lokaci guda rufin kwano ya maye gurbin soro, tsakar gida ta sha siminti, tituna suka sha kwalta. Ruwan da a da ƙasa ke shanyewa yanzu gudu yake yi, wurin da zai huta kuma an gine shi. Ba sai an yi digiri ba kafin a gane inda zai ƙare.

Na san kududdufi ba lambu ba ne. Yana tara sauro, yana wari, yara na faɗawa ciki. Wanda gidansa ke bakinsa yana da hujjar son a rabu da shi. To, wannan ma dalili ne na a zauna da mutane. Wani kududdufin za a iya cike shi ba tare da an cutar da kowa ba idan an yi wa ruwansa hanya. Wani kuwa shi ne ke riƙe da ruwan unguwa uku, kamata ya yi a yashe shi, a katange shi, a hana zuba shara. Bambanta wannan da wancan ba ya yiwuwa daga ofis.

Injiniyan da ke zuwa awo yawanci da rani yake zuwa, lokacin da ko'ina ƙura ce. Yana da na'urarsa da taswirarsa, zai iya lissafa gangare da yawan ruwan da kwalbati zai ɗauka, kuma wannan ilimi ne da ba mu da abin da zai maye gurbinsa. Amma akwai abin da na'urar ba za ta faɗa masa ba. Dattijon da ya shekara sittin a lungu zai nuna masa inda tsohuwar hanyar ruwa take kafin a gina shaguna a kanta. Magini zai gaya masa layin da katanga ba ta shekara uku ba ta tsage ba. Mai Keke Napep ya san mahaɗar da ke yankewa da zarar an yi ruwan rabin sa'a. Masu lambu a gefen Ginzo, daga wajen Ƙofar Marusa zuwa Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri, sun san iya inda ruwa ke kaiwa a shekarar da aka yi malka sosai. Jikin bangon gidaje ma akwai shaida, don ruwa yana barin zane a iya inda ya tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake kira a yi shi ne a tattara wannan sanin a rubuce, a zana shi a takarda layi-layi, kafin a buga tallar kwangila.

Za a ce ai ana yi, ana kiran taron masu ruwa da tsaki. Na halarci irinsa, kuma abin ya ba ni takaici. An kira shi a zauren otal da ƙarfe goma na safe ranar aiki, lokacin da ɗan kasuwa yana kasuwa, lebura yana wurin gini. An karanta jawabi da Turanci, an haska zane a bango wanda an riga an gama shi, an ba da 'yan mintoci na tambaya, aka zaga da takardar sa hannu. Waɗanda suka zo mutanen kirki ne, amma ban ga mutum ɗaya daga cikin waɗanda ruwa ke kwana a ɗakinsu ba. Irin wannan taron sanarwa ce. Shawara ita ce wadda idan mutane suka ce kwalbatin nan ya yi ƙanƙanta, ko bakin magudanar nan zai juye ruwa a kan makaranta, zanen zai koma a gyara shi.

Haka batun gargaɗi. Kowace shekara hukumar NiMet tana fitar da hasashen damina, hukumar NIHSA kuma tana fitar da jerin jihohi da ƙananan hukumomin da ke cikin barazanar ambaliya. Aiki ne mai amfani, kuma ma'aikatansu sun cancanci yabo. Sai dai hasashen yana tsayawa ne a matakin ƙaramar hukuma. A ce wa mutumin Sabuwar Unguwa ƙaramar hukumarsa na cikin haɗari, me zai yi da wannan labarin? Abin da yake buƙatar sani shi ne ko layinsu na ciki, da alamar da idan ya gani zai fitar da iyalinsa, da inda zai kai su. A tsarin ƙasa, bayan NEMA da aka kafa a 1999 da SEMA ta jiha, akwai kwamitin agajin gaggawa da ya kamata kowace ƙaramar hukuma ta samu. Ka tambayi mutum goma a bakin masallaci sunan mutum ɗaya da ke cikin na ƙaramar hukumarsu, ka ji amsar da za ka samu. Saƙon yana fitowa daga Abuja da ƙarfinsa, ya iso sakatariya, ya tsaya nan.

Alhali kayan isar da shi suna nan a hannunmu. Kowane lungu da lasifikar masallaci. Kowace unguwa da zauren WhatsApp na matasa. Akwai 'yan sintiri da ke kwana a farke. Abin da babu shi ne yarjejeniya tun kafin damina: wa zai duba gada idan ruwa ya wuce sa'a guda yana zuba, wa zai yi shela, makullin firamare ko Islamiyyar da ke kan tudu yana hannun wa, gidaje nawa ne ke da tsoho ko maras lafiya ko mai jego da ba za su iya fita da kansu ba, kuma waɗanne samari ne aka ɗora wa kowane gida. Wannan ba ya cin miliyoyi. Zama yake ci, da rubutu, da wanda zai tuna wa mutane duk farkon Yuni.

A nan dole in tsaya a kan mata, don su ne aka fi mantawa da su, kuma su ne suka fi kowa sanin abin da ruwa ke yi a cikin gida. Namiji yana ganin ambaliya a titi. Mace ita ke ganin lokacin da gindin katanga ya fara jiƙa, ita ta san ɗakin da ke tsatsafo, ita ke kwashe ruwa da bokiti daga tsakar gida, ita ke ɗora buhun hatsi a kan turmi. Idan shadda ta cika ta haɗu da ruwan rijiya, ita ce za ta fara ganin yaro yana amai da gudawa, kuma ba mu manta yadda wannan cuta ta yi mana ɓarna a daminar 2021 ba. Mutane da yawa da ake rasawa a damina ba ruwa ne ke tafiya da su ba, ginin ƙasa ne ke jiƙa ya faɗo musu cikin dare, kuma sau da yawa uwa da 'ya'yanta ne a ɗakin. Duk da haka idan aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa, maza ne zalla. Ba sai an karya al'ada ba kafin a gyara wannan. A yi musu nasu zaman a makarantar Islamiyya ta matan aure, malama ko ma'aikaciyar lafiya ta jagoranta, a rubuta abin da suka faɗa, ya shiga takarda ɗaya da ta maza da nauyi ɗaya.

Akwai masu cewa jama'ar nan da ake ta kare su, su ne matsalar. Su ke zuba shara a lambatu, su ke gini a hanyar ruwa. Maganar tana da gaskiya a ciki, ba zan kauce mata ba. Mun ga wanda ke jira a soma ruwa ya aiko yaro ya juye kwandon shara a kwata don ruwa ya tafi da ita. Mun ga wanda ya ɗaga dandamalin ƙofar gidansa ya toshe lambatu, ruwan ya koma gidan maƙwabcinsa, alhali tun muna yara ake karantar da mu hadisin da ya ce ba cuta ba cutarwa. Waɗannan laifuka ne, kuma a kira su da sunansu. Amma a bi zancen zuwa ƙarshensa. Matar da ke cikin lungun da mota ba ta shiga, babu bola kusa, babu mai zuwa kwasa, ina ake so ta kai sharar? Shi kuma wanda ya gina a kwari, ba don yana son ruwa ba ne, nan ne kuɗinsa suka kai. Akwai wanda ya yanka filin, akwai dillalin da ya kai shi da rani ya nuna masa busasshiyar ƙasa, akwai wanda ya sa hannu a takardar ciniki a matsayin shaida, akwai kuma hukumar da ta ga gini yana tashi har ya kai linta ba ta ce uffan ba. Idan rusau ya zo, shi kaɗai ke asara.

Wannan ne ya sa ba na goyon bayan a ce an miƙa komai ga masu unguwanni shi ke nan an shigar da jama'a. Ina girmama tsarin masarauta, kuma babu wata hanya da ta kai ta hakimi zuwa magaji zuwa mai unguwa saurin isa kowane gida, a masarautar Katsina ko ta Daura. Da yawansu suna aiki tsakani da Allah ba tare da wani albashin kirki ba. Amma cinikin fili yana bi ta hannun wasunsu, kuma ba adalci ba ne a sa mutum ya zama alƙali a kan abin da yake da la'ada a ciki. Haka kansila, wanda zai so a fara da layin da ya fi ba shi ƙuri'a. Kwamitin unguwa ya haɗa da su, amma ya haɗa da liman, da wakiliyar mata, da matasa masu aikin gayya, da 'yan haya, waɗanda su ne suka fi zama a gidajen da ruwa ke ci kuma ba a ɗaukar su 'yan unguwa. Sunayensu a manna a bangon masallaci kowa ya gani.

Kuma kwamitin ya kasance da haƙori. Kafin hukumar tsara birane ta ba da izinin gini a kan kududdufi ko gefen rafi, a manna sanarwa a unguwar, a ba mutane kwanaki su kawo ƙorafi a rubuce, a kuma amsa musu a rubuce. Idan an ba da kwangilar magudana, a kafa allo da Hausa mai ɗauke da tsawonta da faɗinta da kuɗinta da ranar gamawa. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai damina ɗaya ta wuce a kan aikin, mutanen layin sun shaida cewa ruwa ya bi ta inda aka ce zai bi. Mun sha ganin lambatun da aka gina ya fi titi tudu, ko wanda aka kai shi rabi aka tsaya, ya tattaro ruwan unguwa guda ya sauke a ƙofar wani bawan Allah. Da an san sai mazauna wurin sun sa hannu kafin kuɗi su fita, da ba a yi irin wannan aikin ba.

Ba ina cewa duk abin da unguwa ta ce shi ne daidai ba. Ruwa bai san iyakar mazaɓa ba. Mutanen sama za su so a yi musu magudana mai faɗi ta kwashe ruwan da sauri, saurin nan kuwa shi ne bala'in mutanen gangare. A nan ne ake buƙatar injiniya da hukuma, su haɗa duk unguwannin da ke kan rafi ɗaya a zaure ɗaya, su nuna musu da lissafi abin da zaɓin wannan zai jawo wa wancan. Wani lokacin ma amsar za ta zama mai ɗaci, cewa wasu gidaje sai sun tashi. Mutum zai fi karɓar wannan idan da shi aka auna, ya ga dalili, aka yi maganar diyya da inda zai koma kafin a shafa wa gidansa jan fenti. Idan kuwa aka kai shi bayan gari inda babu ruwan sha, babu makaranta, babu kasuwar da yake nema, zai sayar da filin ya dawo bakin rafin.

Kuɗin yin wannan akwai su. Asusun kula da muhalli na tarayya yana nan tun 1981, kuma jihohi da ƙananan hukumomi suna da kasonsu a ciki. Katsina ta shiga shirin NEWMAP na Bankin Duniya mai yaƙi da zaizayar ƙasa, yanzu kuma tana cikin ACReSAL, shirin farfaɗo da ƙasa da kula da ruwa, wanda aka ware wa dala miliyan 700 don jihohin Arewa 19 da Abuja. Abin da za a kashe wajen zama da mutane da zana taswirar unguwa bai kai kuɗin kwalbati guda da aka gina a inda bai dace ba. Tsarin da za a ɗora aikin a kai shi ma akwai. Jihar tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa shirin ci gaban al'umma da ke aiki a matakin mazaɓa, ana kuma zama da jama'a a kan abin da suke so a sa musu a kasafin kuɗi. Wannan mataki ne mai kyau. Sai dai a irin wannan zama, abin da ke gaban mutane a ranar shi suke faɗa, rijiyar burtsatse da taransfoma da ajin makaranta, kuma suna da gaskiya. Ambaliya tana buƙatar nata zaman daban, da injiniya a wurin, da taswira a shimfiɗe a tabarma.

Lokacin yin sa kuma ba Yuni ba ne, sa'ad da hadari ya riga ya fara haɗuwa. Oktoba ne da Nuwamba, da kaka, lokacin da zanen ruwa bai goge daga bango ba, mutane ba su manta daren da suka kwana a tsaye ba, kasafin shekara mai zuwa kuma bai tafi majalisa ba. Ina kira ga shugabannin ƙananan hukumomin Katsina da Jibiya da Daura da Funtuwa da Malumfashi su fara da mazaɓun da kowa ya san ruwa na ci duk shekara, su tura ma'aikatan sashen ayyuka su zaga da mutanen unguwa a ƙafa, layi-layi, su rubuta. Idan ƙaramar hukuma ta yi nawa, ƙungiyoyin unguwa su yi zagayen da kansu, su ɗauki hoton kowane wuri da waya, su kai kwafi ga hakimi da kansila da ɗan majalisar jiha da SEMA, su riƙe nasu kwafin mai ɗauke da hatimin karɓa da kwanan wata.